Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙarshen Al'amura: Daga Makara Zuwa Ƙurunƙus

Shekara da shekaru ina koyar da adabin Hausa a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano. Duk shekarar da muka zo darasin yadda ake rufe labari, sai hira ta fi ƙarfin aji. Yaro ya tambayi ma'anar ƙurunƙus, kafin a tashi wani ya kawo rasuwar kakarsa, wata ta kawo sakin da aka yi wa yayarta. Da daddare in na kai maganar majalisarmu a Yakasai, sai dattawa su ja ta zuwa kan sarakunan Kano Alwali da Alu, da dalar gyaɗa. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da amsar da nake bayarwa.

Malam, me ya sa za mu zauna muna maganar ƙarshe? Wannan ba mugun fata ba ne?

Ambaton mutuwa ba ya kiran ta, yin shiru kuma ba ya korar ta. Rana ba ta ƙarya. Abin da ya rage a hannun ɗan Adam shi ne yadda zai rabu da abu, kuma Hausa tana da kalma guda da ta ɗauke wannan nauyi duka: sallama. Da ita ake shiga gidan mutane, da ita ake fita. Salla ba ta cika sai an sallame. A Kantin Kwari ana iya kwashe rabin awa ana ja-in-ja a kan turmin atamfa, amma ciniki bai faɗa ba sai mai kaya ya ce ya sallama. Likita yana sallamar majinyaci. Ubangida a kasuwa yana sallamar yaronsa bayan shekarun hidima, ya ba shi jari, ya sa masa albarka a gaban shaidu.

Na daɗe ina lura da cewa abin da ya ƙare da sallama yakan yi zafi ya warke. Wanda ya ƙare ba sallama shi ne yake zama gyambo, ko a cikin gida ne, ko a tarihin gari, ko a cikin littafi.

Me ake nufi da kyakkyawan ƙarshe?

A bakin Musulmin Kano ma'anarsa ta farko ita ce cikawa da imani, a bar duniya da kalmar shahada. Shi ya sa ake laƙƙana wa wanda ke gargara kalmar a hankali, ba tare da takura masa ba. Akwai hadisi a Buhari da ya nuna cewa ayyuka suna rataye ne da ƙarshensu, kuma daga nan addu'ar da muke yi wa juna kullum ta samo tushe: Allah ya sa mu gama da duniya lafiya.

Mutanen gari suna ƙara masa wani ma'auni, wato shaida. In aka fito da makara aka ji maƙwabta, da mai shagon bakin layi, da almajiran unguwa duk suna cewa mutumin kirki ne, to an ce ya samu kyakkyawar shaida. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana saura 'yan watanni zaɓen shugaban ƙasa da yake takara. Bai taɓa hawa kujerar ba. An binne shi a cikin gidansa na Gwammaja, wanda yau ake kira Mambayya, kuma har gobe in an tambayi talakan Kano ko Malam ya yi kyakkyawan ƙarshe, ba zai tsaya lissafin ƙuri'a ba.

Me ya sa ba ma son cewa "ya mutu" kai tsaye?

Saboda kara. Ya rasu, ya cika, rai ya yi halinsa, ya riga mu gidan gaskiya, ya kwanta dama, wa'adi ya yi. Ka duba "ya cika" da kyau: ita ce kalmar da ake faɗa wa tulu in ya ɗauki iya ruwan da zai ɗauka. Shi kuma "ya riga mu" yana sa mai maganar a kan layi ɗaya da mamacin.

Me ya sa ake gaggawar binne mamaci a Kano? Wani lokaci ɗan da ke nesa bai iso ba an kai.

Sunna ce a gaggauta, kuma zafin garinmu ma bai bar wani zaɓi ba. Wanda ya cika da asuba, yawanci kafin azahar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi a ƙofar gida da kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada, an ɗauki makara zuwa maƙabartar Dandolo ko ta Tarauni ko ta Ƙofar Mazugal. Farin yadi ɗaya ne ga attajiri da ɗan dako. Sarki Ado Bayero ya yi sama da shekara 50 a kan karaga; ya rasu da safiyar Juma'a, 6 ga Yuni, 2014, kuma a ranar aka kai shi makwancinsa a gidan Nassarawa.

Na san zafin da ɗan da ke Legas ko Saudiyya yake ji in ya iso ya tarar ƙasa ta rufe. Amma a wannan fanni ina ganin Kanawa sun iya sallama fiye da kowane fanni na rayuwarsu. Ba a aika wa kowa katin gayyata. Mai wucewa a babur yakan tsaya ya shiga sahu, matasa su riƙa karɓar makara kafaɗa bayan kafaɗa, wani ya kwaɓa ƙasa, wani ya jera itace ko tukwane. Ba mu san darajar wannan ba sai a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, da dattawa suka riƙa faɗuwa a jere, masu haƙar kabari suka gaji, aka binne malamai da manyan gari da 'yan tsirarun mutane, ba zaman makoki. Akwai gidajen da har yau in an tuna waɗannan makonni, abin da suke faɗa shi ne ba su samu sun yi bankwana yadda ya kamata ba.

To me mai rai zai shirya, tunda bai san ranarsa ba?

Bashi, kafin komai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahun jana'iza ya ji sanarwar nan: wanda yake bin mamaci bashi, ko mamaci yake bin sa, ya zo ya ga wane. A shari'a ba a raba gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, ita kuma wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, ba a kuma yin ta ga mai gado.

Ina da kawu da ya yi shekaru yana sayar da turare da kayan ƙamshi a kasuwar Kurmi. Da ya rasu, muka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburinsa, muka sami littafi mai bangon kwali, da ajami ya rubuta shi. Shafin dama na waɗanda yake bi ne, na hagu na waɗanda suke bin sa. Akwai ajiyar wata tsohuwa mai ƙosai, da adadinta, da sunan jikan da za a ba wa in ta riga shi. Wasu sunaye ya ja musu layi ya rubuta "na yafe" a gefe, da kwanan wata. Cikin mako biyu aka gama komai, 'ya'yansa goma sha ɗaya ba wanda ya ɗaga wa wani murya. A layinmu kuma akwai gidan da mai shi ya rasu kusan lokaci ɗaya da kawuna, yana da filaye da shaguna, amma komai a kansa yake, bai rubuta ba, bai sa shaida ba. Yau gidan a kulle yake, soro ya rufta, 'yan uba ba sa gaisawa, magana tana kotu. Dukansu masallata ne, dukansu an yi musu kyakkyawar shaida. Littafin nan mai bangon kwali shi ne kawai bambancinsu.

Ka rubuta. Ka gaya wa matarka inda takardun gida suke. In kuɗinka a waya suke ko a banki, wani amintacce ya san da zamansu.

Me ya sa ake cewa aure ya "mutu"? Kuma me ya sa namu yake mutuwa da muni haka?

Domin abu ne mai rai, an ɗaura shi a gaban jama'a, da waliyyai da shaidu da goro da addu'a. Abin da yake ci mini rai shi ne, abin da aka ƙulla a gaban mutum ɗari sai a kwance shi a ɓoye, da 'yar takarda da aka ba yaro ya kai, ko da saƙon waya cikin dare. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ba miji hanya biyu: riƙo da alheri ko saki da kyautatawa. An sa idda, tsarki uku, kuma a saki na ɗaya da na biyu matar tana da haƙƙin ta yi ta a ɗakinta, yana ciyar da ita, don a bar ƙofar kome a buɗe. Mu kuwa sai a ce ta tattara ta tafi gidansu a daren, a kira a-kori-kura da safe ya kwashe gado da kujeru.

Ba kowane aure ne zai ɗore ba, kuma zama bazawara ba abin kunya ba ne. Amma wanda ya je da manyansa neman aure, ya kamata ya koma da su ranar rabuwa, a zauna a yanke maganar ciyar da yara da karatunsu kafin kowa ya tashi.

A tarihin Kano, wane ƙarshe ne ya fi girma?

Dattawan majalisarmu sun kasu biyu a kan wannan. Wasu suna cewa 1807, wasu 1903.

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara lissafi daga Bagauda, wanda ake sa farkon mulkinsa a 999. Sarki na 43 a jerin shi ne Muhammadu Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe. Kundin ya kawo labarin Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu. Aka matsa wa Alwali ya ba da shanu, ya bayar har ya gaji, sai ya sa samari suka fasa Dirki da gatura, aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Mutane suka ce masa za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da Alƙur'ani daga Dirki. Masu jihadi suka ci rundunarsa a Ɗanyaya, ya bar birni, aka kashe shi a Burumburum a 1807. Malam Sulaimanu ya zama sarki, bayansa Ibrahim Dabo a 1819.

Abin lura shi ne abin da bai ƙare ba. Sababbin sarakuna a Gidan Rumfa suka zauna, gidan da aka gina tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Galadima, Madaki, Makama, Wambai, Ciroma, duk sarautun nan sun haye zuwa sabon zamani. Sarki goma zamani goma, amma ƙofar fada ɗaya.

Na 1903 kuwa ya zo ne Sarki Alu ba ya gari. Ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, sai sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin ranar 3 ga Fabrairu. A hanyar dawowa runduna ta rabu. Waziri Ahmadu ya tsaya ya yi yaƙi a Kwatarkwashi, a nan ya faɗi. Wambai Abbas ya dawo da jama'a gida, Turawa suka naɗa shi. Alu kuwa aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926, a can kabarinsa yake. Ni dai wannan ya fi taɓa ni: sarkin da ya fita ta ƙofar birninsa da niyyar dawowa, bai sake ganin dutsen Dala ba, bai yi sallama da kowa ba.

Akwai wani abu a salon kundin nan da nake so ɗalibaina su gani. Ko sarki ya ci garuruwa, ko kwana kaɗan ya yi, da jimla iri ɗaya ake rufe babinsa: ya yi sarauta shekara kaza. Daga nan sai sunan na gaba.

Yaushe dalar gyaɗa ta ƙare?

Ba wanda zai ba ka rana, kuma matsalar ke nan. Farkonta a bayyane yake: jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, manoma suka rungumi gyaɗa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka zama manyan dillalanta, aka riƙa jera dubban buhuna kamar tsauni ana jiran tarago. Sai farin farkon shekarun 1970 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta cinye gonaki, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, masu matsar man gyaɗa na cikin gida suka riƙa shanye abin da ya samu. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Wata shekara dai aka ɗebe dala ta ƙarshe, ba a sake jera wata ba, ba kuma wanda ya san ita ce ta ƙarshe.

Haka ganuwa take tafiya a gabanmu. Tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka fara ta. Wanda ya bi titin da ya tashi daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo shekara talatin da suka wuce, ya sake bin sa yau, ya san abin da nake faɗa. Damina ta ci nata, masu ɗiban ƙasa sun ci nasu, gine-gine sun haɗiye saura. Haka masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, haka rijiyoyin marinar Ƙofar Mata da yawa suka bushe. Mutum ɗaya in ya rasu, unguwa takan fito. Sana'ar da ta ciyar da dubban gidaje kuwa takan mutu ba wanda ya tsaya a kanta. Ba cewa nake a dawo da jiya ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Roƙona ƙarami ne: tsofaffin leburorin dala da marina da masaƙa da suka rage, a je a zauna da su, a naɗi muryarsu, a rubuta sunayen kayan aikinsu, tun suna iya faɗa.

Mece ce ma'anar "ƙurunƙus" a ƙarshen tatsuniya?

Kalma ce ta yanke magana, kamar a ce shi ke nan, an gama. Kakata takan ce "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Da "ga ta nan ga ta nanku" ta buɗe mana ƙofar duniyar da kura ke magana, dodo ke auren 'yar sarki. Da ƙurunƙus take rufe ta, ta ɗora wa Gizo alhakin duk abin da ba gaskiya ba, ta dawo da mu tsakar gida a kan tabarma. Yaro yana buƙatar wannan kafin ya kwanta. Na tuna daren da barci ya sace ta a tsakiyar labarin wata yarinya da dodo ya haɗiye. Ƙanwata ta ƙi barci, tana kuka, sai da aka tashi tsohuwa ta fito da yarinyar daga cikin dodo ta ce ƙurunƙus.

Su kuma marubuta waƙoƙi, yaya suke rufewa?

Da "tammat bi hamdillahi", da salati ga Annabi da alayensa da sahabbai. Da yawa sukan faɗi sunansu da na mahaifinsu da unguwarsu a baitocin ƙarshe, su faɗi adadin baitoci don kada mai kwafa ya rage ko ya ƙara, su roƙi wanda ya ga kuskure ya gyara. Sai ramzi, wato kalmar da in ka tara ƙimar haruffanta za ta ba ka shekarar Hijira. A lissafin Magariba da malamanmu suke bi, shin dubu ne, ra kuma ɗari biyu, shi ya sa za ka yi ta ganin haruffan nan biyu a ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira. Mawaƙin yana sallama ne kamar mai barin wasiyya: ga ni, ga abin da na bari, ga ranar da na ajiye alƙalami, a yi mini addu'a.

Me ya sa littattafanmu da fina-finanmu na yanzu ba sa son ƙarewa?

Kasuwa ce ta koya musu. Tun da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano a tsakiyar shekarun 1980, marubuci da kansa yake biyan kuɗin ɗab'i, sai ya raba labari gida uku, ya tsaya a inda zuciyar mai karatu take a rataye, ya ce mu haɗu a littafi na biyu. Cinikin na ɗaya ne yake buga na biyu. Fim ya gaji wannan da kashi na ɗaya da na biyu. Yau kuma marubuciya tana sakin shafukan kyauta a WhatsApp, in labari ya yi daɗi ta ce sauran na kuɗi ne, masu shiri mai dogon zango a YouTube su kuma suna ja muddin ana kallo.

Ban ga laifin mai neman halalinsa ba. Inda nake da magana shi ne inda aka ja labari har ya tsinke, sannan a rufe shi a gurguje: muguwar kishiya ta haukace ko ta yi hatsari a shafi biyun ƙarshe, a ɗaura aure, a rubuta Alhamdulillahi. Mai karatu ya ba ka dararensa, yana bin ka bashin ƙarshen da ya tsiro daga halin mutanen labarin. In mugu zai faɗi, ya faɗa ramin da muka ga yana haƙawa tun farko.

Dole ne labari ya ƙare da nasarar mai gaskiya?

A'a. Waziri Ahmadu bai dawo daga Kwatarkwashi ba, kuma labarinsa bai rasa komai ba. Abin da nake hana ɗalibaina shi ne su bar mutum a tsakiyar hanya don sun gaji da rubutu.

Gaskiya ne almajiri daga ƙarshen Alƙur'ani yake farawa?

Gaskiya ne. Bayan Fatiha sai Nasi, sai Falaƙi, sai Ƙulhuwa, yana hawa izu bayan izu har sittin, ya ƙare a Baƙara. Ranar da ya kai nan ake cewa ya yi sauka, a yi wa allonsa zayyana, a yi walima, ya karanta a gaban malamai da iyaye. Washegari kuma ya koma tilawa.

Zan je gaisuwar mutuwa karo na farko ni kaɗai. Me zan ce, me zan yi?

Ka je cikin kwana ukun zaman makoki in da hali. Maza suna ƙofar gida a kan tabarmi, mata suna ciki. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka zauna, ka nemi a yi salati, a karanta Ƙulhuwallahu, a shafa. Sannan ka fuskanci masu rashi ka ce, "Ya haƙuri?" Za su ce, "Da godiya." Ka ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya albarkaci bayansa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. In babba ne a gabanka, ka durƙusa, ka kira shi Baba ko Kawu ko Malam kamar yadda ka saba. Kada ka tsare su da tambayar me ya same shi, kada ka buɗe hirar siyasa ko ta kasuwa, ka sa wayarka a aljihu.

Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in malamai sun saɓa a kansu. Gidan mutuwa ba wurin wannan muhawara ba ne. In kai maƙwabci ne, ka sa a dafa abinci a gidanka a kai musu, domin haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta a yi wa iyalan Ja'afar. In mamacin yana bin ka bashi, ka ja babban ɗansa gefe ka faɗa masa adadin, ko ba ka da abin biya a ranar.

Kuma ka sa a ranka za ka koma. Bayan mako biyu an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, matar tana cikin takabarta ta wata huɗu da kwana goma, yara sun koma makaranta ana tambayarsu kuɗin jarrabawa. Ranar ka sayi ko da kwanon shinkafa ne, ka tsaya a soro, ka aika yaro ya ce ana sallama.